Akwatin da ke gefen gadona: yadda asibiti ke bibiyar na'urar zuciyata daga nesa

Ciwona raunin zuciya ne. Hoton da aka ɗauka ya nuna cewa a kowane bugu zuciyata ba ta iya tunkuɗa ko kashi 35 cikin 100 na jinin da ke cikin babban ɗakinta na hagu, alhali ta mai lafiya takan tunkuɗa fiye da rabi. Na yi watanni ina shan magani, numfashi ya ɗan daidaita, kumburin ƙafa ya sauka, amma wannan lamba ta ƙi motsawa. Daga nan likitan zuciya ya ce lokaci ya yi da za a dasa mini na'urar da suke kira ICD. Bai ɓoye mini dalili ba. Zuciya mai irin wannan rauni tana iya shiga wani mugun gudu ba zato ba tsammani, ɗakunanta na ƙasa su koma karkarwa maimakon bugu, jini ya daina isa ƙwaƙwalwa, cikin 'yan mintoci rai ya yi halinsa. Aikin na'urar shi ne ta zauna tana ƙirga bugu dare da rana. Idan ta ga wannan gudu, sai ta fara gwada katse shi da wasu ƙananan bugu masu sauri da sau da yawa mutum ba ya ma ji. Idan hakan bai yi ba, ta saki shokin mai ƙarfi.

Dasawar ba ta da dogon labari. Aka yi mini allurar kashe zafi, aka tsaga fata ƙasa da ƙashin wuya ta hagu, aka zura siraran wayoyi biyu ta jijiyar jini, ɗaya zuwa ɗakin sama na dama, ɗaya zuwa na ƙasa, aka haɗa su da na'urar, aka ɗinke. Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kafin a sallame ni, wata nas mai kula da masu irin wannan na'ura ta shigo da kwali a hannu. A ciki akwai ɗan akwati na roba da wayar saka wuta, sai takardar da zan sa wa hannu. Ta ja kujera ta zauna, ta ce, "Malam, wannan takarda kada ka sa mata hannu sai ka fahimci abin da kake yarda da shi." Ta bi ni da bayani dalla-dalla. Na'urar da ke ƙirjina tana rubuta duk abin da ta gani: ƙarfin batirinta, lafiyar wayoyin da suka shiga zuciya, sau nawa ta taimaka wa bugu, duk wani gudu da ya saɓa ƙa'ida da lokacin da ya fara da tsawon da ya ɗauka, har da zanen bugun kansa. Akwatin zai riƙa karɓar wannan rubutu ta iska, galibi cikin dare ina barci, ya tura ta layin wayar salula zuwa rumbun kamfanin da ya ƙera na'urar, daga can ma'aikatan asibitina su buɗe shafinsu su gani. Akwai rahoton da ake tsara wa lokaci, duk bayan 'yan watanni. Akwai kuma na faɗakarwa, wanda na'urar ke turawa da kanta idan wani abu ya tsallake iyakar da likita ya gindaya mata.

Sai ta ajiye takardar ta dube ni. "Abu biyu nake so ka riƙe. Na farko, wannan akwati ba motar ɗaukar marasa lafiya ba ne. Babu wanda ke zaune yana kallon zuciyarka a allo da tsakar dare. Mukan duba saƙonni a lokacin aiki. Idan ka ji ciwon ƙirji, ko ka faɗi, ko na'urar ta buge ka fiye da sau ɗaya, asibiti za ka nufa kai tsaye, kada ka zauna jiran kiranmu. Na biyu, ba za mu iya sauya wa na'urarka saiti daga nan ba. Gani kawai muke yi. Duk wani gyara sai ka zo."

Na tambaye ta, to idan ba ya kawo ɗauki, ba ya kuma gyara komai, mene ne amfaninsa? Ta ce, "Zai rage kwanakin da abu zai yi yana faruwa a jikinka ba tare da kowa ya sani ba." A lokacin amsar ba ta gamsar da ni ba sosai. Na sa hannu ne saboda na yarda da ita.

A gida na ɗora akwatin a kan teburin da ke gefen gado, don an ce kada ya wuce taku biyu zuwa uku daga inda nake kwanciya. Na jona shi da wuta, fitilarsa ta yi ta ƙiftawa tana neman layi, can ta tsaya cak a kan kore. Na danna maɓallin tura rahoton farko kamar yadda aka nuna mini, na zauna a bakin gado ina kallon ɗigon haske yana tafiya daga wannan gefe zuwa wancan har ya cika. Ban ji komai a ƙirjina ba, ko ɗan ɗumi. Washegari nas ta kira ta ce saƙo ya iso lafiya. Wasu yanzu ba a ma ba su akwati, manhaja ake saka musu a wayar hannu ta riƙa magana da na'urar ta Bluetooth. Su ma ƙa'idar da aka ba ni tana kansu: waya kada ta kusanci na'urar ƙasa da santimita 15, kada a sa ta a aljihun riga na wajen ƙirji, musamman mai maganaɗisu a bayanta.

Makonnin farko shirun ne ya fi damuna. Ba kira, ba saƙo. Nakan farka cikin dare in leƙa ko fitilar tana nan a kore. Da na koma ganin likita a duba ɗinki, na faɗa wa nas damuwata, sai ta juyo da allon kwamfutarta ta nuna mini layin sunana, da jerin ranakun da na'urar ta yi magana da akwatin, ba gurbi. Ta ce a wannan tsari rashin kira shi ne labari mai daɗi. Tun daga ranar hankalina ya kwanta.

A da, mai irin na'urata sai ya je asibiti duk wata uku zuwa shida, a ɗora masa abin karatu a ƙirji a sauke abin da ta rubuta. Mafi yawan waɗannan ziyarori kan ƙare ba a sauya komai ba. Babbar illar kuwa tana tsakanin ziyara da ziyara: idan wayar da ta shiga zuciya ta fara lalacewa mako guda bayan an duba ka, labarin yana nan kwance a ƙirjinka har wata ziyarar. Binciken TRUST da aka yi a Amurka aka wallafa a 2010 ya auna wannan a kan mutum 1,339 masu ICD. Waɗanda ake bibiya daga nesa zuwansu asibiti don duba na'ura ya ragu da kashi 45 cikin 100 ba tare da ƙarin haɗari ba, kuma idan bugu ya rikice likita kan gani cikin ƙasa da kwana 2, alhali a ɗaya rukunin abin kan kai kwana 36. Binciken CONNECT na 2011, mai mutum 1,997, ya duba tsawon lokacin da ake ɗauka daga faruwar matsala zuwa yanke shawarar likita, ya samu ya sauko daga kwana 22 zuwa 4.6. Waɗannan lambobi ne suka fassara mini maganar nas, amma ban ji su a jikina ba sai ranar da wayata ta yi ƙara da hantsi na ga lambar asibiti.

"Malam, ina kwana, yaya ƙarfin jiki? Kada hankalinka ya tashi. Na'urarka ta turo saƙo cikin dare. Kwanan nan ka ji zuciyarka tana wani irin bugu?"

Na ce ban ji ba. Iyaka dai na ɗan fi jin gajiya, kuma hawa bene ya ɗan fi yi mini wuya, abin da na ɗora wa rashin barci. Ta ce wayar na'urar da ke ɗakin sama na zuciya ta rubuta cewa ɗakunan sama sun shiga karkarwar da likitoci ke kira AF, sun wuce yini guda da kwana a haka kafin su dawo daidai da kansu. Ta tambayi magungunan da nake sha ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko na taɓa zubar jini a ciki ko gyambon ciki, ta ba ni ranar ganin likita cikin makon.

A ofishin likita na ga abin da idona. Ya buga zanen a takarda ya shimfiɗa a gabana. Layin sama, na ɗakin sama, ya cika da ƙananan tsini a cunkushe ba tsari, kamar an watsa tsaba a faifai. Layin ƙasa yana bugu da sauri, tazara ba daidai ba, wani bugun a kusa da ɗan'uwansa, wani ya yi nisa. Ya ɗora bakin biro a kan wani wuri ya ce, "Ka ga nan? Saura kaɗan gudun ya kai iyakar da muka sa wa na'urar. Da ya tsallake ya daɗe, tana iya ɗauka cewa mugun gudun nan ne na ɗakin ƙasa, ta buge ka kana tsaye da hankalinka, alhali ba ka buƙata."

Haɗari biyu ke nan a takarda ɗaya. Na farko wannan shokin na kuskure, wanda duk mai ICD ke tsoro. Waɗanda suka sha shi sun ce ba ciwon kaɗai ba ne, har da fargabar da ke biyo baya, mutum ya kasa sakewa da jikinsa. Na biyu shanyewar ɓarin jiki. Idan ɗakunan sama suna karkarwa ba sa matsewa, jini kan kwanta a wani ɗan lungu na ɗakin sama na hagu ya yi guda, gudan ya ɓalle ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa. Binciken ASSERT na 2012 ya bi mutum 2,580 masu na'ura a ƙirji, ya samu cewa waɗanda na'urarsu ta kama irin wannan karkarwa ta ɓoye, wadda su kansu ba su ji ba, haɗarinsu na shanyewar ɓarin jiki ya ninka sau biyu da rabi.

Abin da ya burge ni shi ne likitan bai mai da abin mai sauƙi ba. Ya ce ba duk karkarwar da na'ura ta kama ba ce ake ba wa maganin tsinka jini, domin shi ma maganin yana da nasa haɗari. Manyan bincike biyu da suka fito a 2023 sun nuna haka: a ARTESiA, mai mutum sama da 4,000 da karkarwarsu ba ta wuce awa 24 ba, maganin apixaban ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 37 cikin 100 idan aka kwatanta da asfirin, amma ya ƙara yawan zubar jini mai tsanani, shi kuwa NOAH-AFNET 6 an dakatar da shi tun kafin lokacinsa, don ba a ga amfani a fili ba, ga kuma ƙarin zubar jini. Ya ce nawa ya bambanta, domin ya wuce awa 24, ga raunin zuciya, ga hawan jini, ga shekaru. Ya lissafa su a gabana, ya tambayi ra'ayina, muka tsaya a kan in fara maganin. Ya kuma ƙara mini adadin maganin da ke rage gudun zuciya. Daga nan nas ta ɗora abin karatu a ƙirjina, likita ya gyara saitin na'urar yadda za ta ƙara haƙuri kafin ta yanke hukunci, ta kuma fi iya bambanta gudun da ya taso daga sama da wanda ya taso daga ƙasa. A Faransa binciken ECOST ya samu cewa bibiya daga nesa ta rage yawan masu shan shokin na kuskure da kusan rabi, kuma ta irin wannan hanya ce: a ga abin da wuri, a gyara kafin ya kai ga bugu.

Da tsohon tsari nake, da ziyarata ta gaba tana can watanni a gaba. Ba zan ce lallai da wani abu ya same ni ba. Abin da na tabbatar shi ne da na yi waɗannan watanni ba kariya, ina ɗora gajiyata a kan rashin barci.

Ba kowane kira ba ne ya zo da irin wannan nauyi. Na'urata tana auna yadda lantarki ke ratsa ƙirji, wanda ke sauyawa idan ruwa ya fara taruwa a huhu. Wata rana aka kira ni a kan haka. Nas ta tambayi nauyina, ta tambaya ko ƙafa ta kumbura, ko ina iya kwanciya ba tare da tara matasai ba. Duk lafiya lau, sai dai ina fama da mura da tari. Ta ce in riƙa hawa sikeli kowace safiya in kira idan nauyi ya hau. Bai hau ba, awon ya koma daidai da kansa. Na kwana biyu cikin zullumi a kan abin da bai zama komai ba, kuma wannan ma wani farashi ne da ya kamata a faɗa wa mutum tun farko.

Shi ya sa idan aka tambaye ni ko akwatin nan yana tsawaita rai, nakan yi taka-tsantsan. Binciken IN-TIME na 2014 ya ɗauki mutum 664 masu raunin zuciya. Cikin shekara guda mutum 10 suka rasu a rukunin da ake bibiya daga nesa, 27 a ɗaya rukunin. Amma binciken REM-HF da aka yi a Ingila a kan mutum 1,650, aka wallafa a 2017, bai ga bambanci ba, ko a mutuwa ko a kwanciya asibiti. A IN-TIME saƙo kullum yake tafiya da kansa, kuma akwai cibiyar da ke tabbatar da cewa an gani an ɗauki mataki. A REM-HF mako-mako ake turawa. Ni abin da na fahimta, daga karatu da kuma abin da ya same ni, shi ne amfanin yana rataye da abu biyu: saƙon ya tafi ba yankewa, sannan a ɗaya gefen a samu mai ilimi da lokacin da zai karanta ya ɗaga waya. Inda aka fi samun yardar masana shi ne kama matsalar wayoyin na'urar da batirinta da rikicewar bugu da wuri, da rage zirga-zirgar asibiti. A kan haka ƙungiyar likitocin bugun zuciya ta Heart Rhythm Society ta ba da shawara tun 2015 cewa a yi wa duk mai irin wannan na'ura tayin bibiya daga nesa, tare da ganin likita ido da ido aƙalla sau ɗaya a shekara.

Yankewar kuwa abu ne mai saurin faruwa. Na taɓa tafiya inda layin waya ba ya kamawa, akwatin yana cikin jakata amma ba shi da hanyar tura komai. Na'urar ta ci gaba da aikinta na kariya, don ba ta dogara da akwatin ba ko kaɗan, ta kuma ci gaba da rubutu. Ina dawowa cikin layi sai ga kiran nas, ta ce sunana ya fito a jerin waɗanda suka yi shiru. Ta ce wannan jeri shi ke cin lokacinsu fiye da komai: wani ya cire filogi don ya yi cajin waya, wani ya sauya ɗaki, wani ya sauya lamba bai faɗa ba, wani ya mai da akwatin cikin kwalinsa. Tun daga nan, duk doguwar tafiya nakan sanar da su kafin in tashi.

Akwai kuma tambayar da ɗana ya yi mini tun ranar farko: wa ke ganin waɗannan bayanai, kuma wani zai iya kutse? Tambaya ce mai tushe. A 2017 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanar cewa na'urorin daidaita bugun zuciya kusan 465,000 suna buƙatar sabunta manhajar cikinsu don toshe wata kafa ta kutse, kuma sai da masu su suka je asibiti aka yi. Na kai wa likitana wannan magana. Ya ce damuwar halal ce, shi ya sa ake ɓoye saƙon a hanya, kuma shi ya sa ba a buɗe ƙofar sauya saitin jiyya daga nesa ba. Ya ƙara da cewa idan aka gano aibi a wani samfurin wayar na'urar ko batirinta, waɗanda ake bibiya daga nesa su ne aka fi saurin sa wa ido. Na auna, na bar akwatina a jone. Abin da har yanzu bai yi mini daɗi ba shi ne ni mai zuciyar ba na ganin cikakken rahoton sai na roƙa a buga mini. Ina roƙa kuwa, duk zuwa, kuma ina da fayil da nake tarawa.

Wanda ya fi ba ni tausayi a wannan tsari ita ce nas ɗin. Na ga allonta: ɗaruruwan sunaye, saƙonni ja da rawaya a jere, da yawansu ba sa buƙatar komai amma dole a buɗe kowanne a tantance. Ƙungiyoyin likitocin bugun zuciya na duniya sun fitar da matsaya a 2023 cewa duk marasa lafiya 1,000 da ake bibiya suna buƙatar aƙalla ma'aikata 3 masu cikakken lokaci. Asibitin da ya raba akwatuna bai ware ma'aikata ba, ya ba mutane kwanciyar hankalin da babu komai a bayansa, kuma wannan yana ba ni tsoro fiye da rashin akwatin. Duk wanda za a ba shi, ya tambaya: wa ke duba saƙon, a waɗanne ranaku, cikin kwana nawa za a kira ni, wace lamba zan kira idan fitila ta sauya launi?

Yanzu batirin na'urata ya fara gangarowa. Batirin ICD yakan yi shekaru da dama, kuma kafin ya ƙare na'urar tana ba da alamar cewa lokacin sauyi ya yi, ta bar tazarar kusan wata uku. Nas ta ce ba sai na riƙa zuwa awo a kai a kai ba, suna ganin ƙarfinsa a kowane rahoto, kuma ranar da alamar ta fito za su kira ni a tsayar da ranar aiki. Wayoyin suna nan lafiya, don haka na'urar kaɗai za a cire a sa sabuwa. Na riga na roƙi likita a rubuta a fayil ɗina cewa a haɗa sabuwar da tsarin bibiya, a kuma gwada tura rahoton farko, tun kafin a sallame ni.